Yadda Za Ka Ɓoye Gonar Da Ka Tsinci Zinare

Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari ko matarka ba za ta san inda ka tona ba. Clive Thurlow mai gyaran famfo ya bi huɗu. Ji yadda ta kaya.

1. Kame bakinka

Injin gano ƙarfe ya yi ƙara, ka tona, ka ga abu yana ƙyalli? Ban da ihu. Shekara ashirin da biyu Clive yana tono murfin kwalba. Ranar da kuɗin zinaren Rumawa guda ya faɗo hannunsa a gonar dankalin tsoho Gotts, tari kawai ya yi. Ya san inda ɗaya yake, tukunyar da aka binne sauran a ciki ba ta nisa.

2. Rufe ramin

Mayar da ƙasa, ka tattake. Hukuma ta ba ka sati biyu ka kai rahoto. Sati biyun nan na tono ne, kai kaɗai.

3. Wanke takalmi

'Yan ƙungiyarku ta masu tonon kayan tarihi ba fuska suke kallo ba, laka suke karantawa. Clive har tayar mota ya wanke.

4. Yi ƙorafi

A taron Alhamis, amininsa Roy Bullimore, tsohon direban bas, ya ce, "Sarkin gwangwani, me aka samo?"

"Ciwon baya," in ji Clive.

Madalla. Da ma a nan ya tsaya!

5. Kada farin ciki ya sa ka kyauta

Clive, wanda bai taɓa kawo ko biskit ba, ya dire kek a tebur. Kowa ya zuba masa ido.

"Wa ya mutu?" in ji Roy.

"Ci kawai, tsohon banza."

Roy ya gutsura, ya lumshe ido. "Lemon tsami da zuma. Matar Gotts kaɗai ke yin wannan, kuma a ƙofar gonarsu take sayarwa. Me ya kai ka can, mutumina?"

"Famfo."

"Ina, rijiya gare su."

Washegari da Clive ya iso, Roy ya riga ya sha shayi da Gotts, ya karɓi izinin tono, yana durƙushe taku uku daga ramin Clive, ya rungume tukunya.

Yanzu tukunyar tana gidan tarihi da sunan Roy a jiki. Duk Asabar Clive kan je ya gani. Roy ne ke kai shi, shi kuwa Clive ya sayi kek.

Gargaɗi: in an gano ka, babu ruwana. Ni dai na ci kek ɗin, kuma ya yi daɗi.