Hular Ulu Don Kwamfutar Hamish

"Lafiya lau, sai kewar mijina mai shirin gudu," in ji Kaka Dulcie, ta tura wa jikanta Hamish kujera da ƙafa.

Sallama ce ta taso shi daga Canberra, babban birnin ƙasarsu, zuwa gonarta a garin Yass. Jibi zai bi kwamfutar da suka ƙera zuwa Amurka, a haɗa ta da madubin hangen taurari kafin a harba shi sama. Aikin shekaru ne, tsohuwa kuwa ta haura tamanin. Tun da ya faɗa mata hankalinta bai kwanta ba, amma ko za a yanka ta ba za ta nuna ba.

"Wa zai zauna da mace mai haƙoran roba?" in ji Hamish.

"Na roba ne, amma sun fi gashin kanka yawa."

Ta zaro wata hula da ta saƙa da ulun tumakinta, ta dire kusa da kofin shayinsa.

"Ungo, kai wa budurwar taka ta ƙarfe. Kai ka ce sanyin can sama ya fi na Yass."

"Haba Kaka! Ɗakin da take, ni kaina sai na rufe jiki ruf kamar mai ɗiban zuma. Zare ɗaya ya faɗa kan madubi, an sallame ni. Ke kuma kin kawo tunkiya guda!"

"Tunkiyata ta fi ka wanka. Wai me take tsinanawa ne, 'yar gwal ɗin?"

"Kin sake mantawa ke nan. Hasken tauraro ne ke danne duniyoyin da ke gefensa. Ita ke lanƙwasa madubin kaɗan-kaɗan, ta kawar da hasken, a samu a ɗauki hotonsu."

"Ku gyara daga ƙasa mana, malalata."

"Kafin saƙo ya je ya dawo, madubin ya sake gocewa. Dole ta gane inda ke mata ciwo, ta gyara kanta. Ba mai zuwa duba ta."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Dulcie ta yi ta juya cokali a shayin da ya riga ya huce. Kewarsa ta kama ta, ga shi kuwa zaune a gabanta.

"Ashe ni da ita aikinmu ɗaya zai zama," ta ce.

Hamish ya miƙa hannu. Ya ɗauki hular ya kifa a kansa. Ta zauna daram, har kunnuwa.

"Tsohuwa, kwamfutar nan akwati ce mai kusurwa huɗu. Kan wa kika auna?"

"Yo ni na ɗauka duk marasa gashi kanku ɗaya ne."

Ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa.

"Kin ci, na sallama. Da Kirsimeti ina nan tafe, da hularki a kaina."

"A ƙasar nan da Disamba ke tsakiyar zafi? Ja'iri. Bar hular can, kai dai ka kawo min kan."