Ranar da Na Wanke Jarrabawar Sabi'u

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da tsafta ta tona mini asiri. Shekarar canjin kuɗi ce, ina goyon ɗan fari, sai ƙanin mijina Sabi'u ya zo mana Bunkure daga makarantarsu ta Zariya, da kyamara da wani faffaɗan gilashi irin na taga. Wai aikin jarrabawa ne, zai ɗauki hoton mutanen noman rani ta bayan gilashin.

Kwana uku yana fama da shi a zaure. Ya shafa masa lakar bakin kanal, ya matse tumatir a gefe-gefe ya bari 'ya'yan suka bushe, wai don fuskar mutum ta fito tare da ƙasar da ke ciyar da shi. Ya ce ya gwada leda, tana yamutsewa. (Ni dai a idona, kaskon ruwan kaji ya fi shi kyan gani.)

Kwatsam na ji yana gaya wa surukata Iya cewa da yaron da nake goyo zai fara. Hoton nan har Zariya za shi, malamai su ga jariri cikin dauɗa su ce uwarsa ƙazama ce. Ga shi ɗan fari, ko sunansa ba na kamawa, balle in nuna na damu.

Maza suna tafiya masallacin Juma'a na lallaɓa zaure da toka da soso. Na dirje gilashin tas, har da hura masa iska ina gogewa da bakin zani.

Da la'asar mata suka cika tsakar gida kallon hoto. Sabi'u ya ɗaga gilashin, ya leƙo mu ta ciki ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya wanke mini jarrabawa?"

Sai ya ce ba komai, tunda gilashi ya sha wanka, yaron zai shafa wa lakar. Har ya miƙa hannu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba: "Wallahi kar ka taɓa mini Auwaluna!"

Iya ta dube ni sama da ƙasa. "Ashe yana da uwa? Mu da muka zaci a kanal muka tsince shi."

Wata ta rangaɗa guɗa. Sabi'u kuwa ƙyas, ya ɗauke ni ta cikin gilashin da na wanke da hannuna: baki buɗe, toka a goshi, komai ya fito raɗau.

Hoton yana ɗakin Iya har yau, kuma "Auwaluna" ya zama sunana a gidan. Yanzu ko ƙasan tukunya zan kankare, sai na tambaya ko jarrabawar wani ce.