Ranar da Na Gyara Kabureta da Basilla

Tun da Nana ta fara rarrafe ban da kwanciyar hankali, don komi ta gani sai baki. Shi ya sa da babanta ya kwance kaburetar injin ban ruwanmu, ya jiƙa ƴan ƙarafunan a kwanon isansi, wato fetur, ya tafi gaisuwa Tibiri, na ce gara in gama masa aikin a tattara. Albasarmu a Jiratawa kwana uku ba ruwa.

Na wanke komi da sabulu har yana ƙyalli. Sai na ga wani ɗan ƙarfe mai huda kamar ta allura. Haba, ta nan mai zai wuce? Ashe shi ya sa injin ke tari! Na ɗauko basilla na buɗe hudar sosai.

Da ya dawo na ce, “Baban Nana, na gano ciwon. Kai dai ɗaura.” Bai tambaya ba, shi ma ya ɗaura.

Da safe a garkar albasarmu injin ya kwankwaɗi mai, ya turnuƙe mu da baƙin hayaƙi, ya mutu. Maƙwabcinmu Malam Isufu ya kwance kaburetar, ya ɗaga ƙarfen sama, ya leƙo ni ta hudar.

“Maman Nana, wannan ai ƙofar gari ce!”

Yana dariya har da hawaye ya ara mana injinsa, albasa ta sha.

Yanzu ko niƙa na kai, sai mai injin ya rungume abinsa yana cewa, “Ku ɓoye basilla, injiniya ta iso!” Don Allah in kun gan ni a Sabon Gari, ku gaishe ni kawai, kar ku tambayi lafiyar injin.