Lambar Delbert a Bangon Zauren Gari

Delbert Hovland ba ya jin lamba ya bar ta ta wuce. Ka gaya masa lambar gidanka, sai ya lumshe ido ya ce, "Wayyo, biyu na raba ta," kamar mai yi maka ta'aziyya. A wurinsa lamba mai daraja ita ce wadda babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Shekara talatin ya yi yana karanta mitar ruwa a garinmu, kun ga kuwa babu lungun lissafi da bai shiga ba. Mu da muke shan kofi tare da shi a shagon Marlys, Farfesa muke ce masa. Bai taɓa hana mu ba.

Bara ya sanar cewa shi da kwamfutarsa sun haƙo irin wannan lamba, mai alƙaluma ɗari biyu cif.

"Jama'a, duk jiharmu ta Minnesota ba ta taɓa ganin irinta ba," in ji shi a gaban majalisar gari. "Jikokinku za su zo kallo. Ni ban nemi komai ba. A ba ni bango kawai, sunana a sama."

Aka ba shi bangon zaure. Ya ce mai fenti ba zai san nauyin abin ba, don haka da kansa ya hau tsani, da kwat da lakataye. Ranar Asabar muka fito da kujeru muna taya shi da ido.

Aka turo Malama Arlys Tveit a keken marasa lafiya. Shekararta casa'in da ɗaya, rabin garin nan ita ta koyar a aji uku, har da shi. Ya aika mata da lambar a takarda, da sa hannunsa. Ta nemi fensir. Can ta ɗago kai.

"Delbert, sauko."

"Malama, tarihi nake rubutawa."

"Na haɗa alƙaluman nan sau biyu, ɗari tara da uku. Yara, me na koya muku?"

Tsofaffi masu furfura muka amsa baki ɗaya: "In uku ta raba jimlar, ta raba lambar!"

"Ka gwada ta da uku kuwa, ɗana?"

Farfesa ya gyara lakataye. "Malama, daga dubu na sa kwamfutar ta fara gwada raba ta. Ƙananan lambobi ai na..."

"Na wa?"

Ya dubi sama, ya ce ƙanƙara na tafe, kuma fenti ba ya son sanyi. A watan Yuli muke, tsakiyar zafi a garinmu.

Sunan dai ya gama shi tun ranar farko, da manyan baƙaƙe, daga titi ana karantawa. Lambar ce ta tsaya a layi na huɗu, a kan wani bakwai da bai samu ƙafa ba.