Igiya Tsakanin Mota Biyu

"Lafiya lau, amaryar da ba ta iya sallama sai da hon ɗin mota," in ji Kaka.

Na same shi inda nake samunsa tun rasuwar kakata, zaune a bayan a-kori-kurarsa, ƙafafu na reto, ido a kan ƙofar gida. Shekara arba'in ya yi yana dakon kayan mutane da motar nan, yanzu wata bakwai ba ta tashi ba. Zuwana na uku ke nan don in tafi da shi gidana, kuma na rantse yau ba zan bar shi shi kaɗai ba.

"Tsoho, tashi mu tafi. Ga mota mai sanyi, kujerarta har tausa take yi."

"Wannan? Ai firji ne aka sa wa taya. Ni nama ne da za ki adana?"

"Naman ma wanda ya ƙi dahuwa. Taka fa? Da waya ake ɗaure ƙofarta."

"Don kada 'yan mata su sace ni. Taki ko buhu ɗaya aka ɗora mata sai ta durƙusa."

"Tawa ba 'yar dako ba ce. Taka kuwa in ta yi tari, har daga layi na uku ake ce mata sannu."

"Ita dai ana ce mata sannu. Taki gilas baƙi ƙirin, ki wuce mutum bai san wa zai gaisar ba. Motar marasa dangi!"

Wannan ta shige ni, don rabona da gidan wata biyu. Amma na dake.

"To zauna da gwangwaninka. Kaji ma sun fi ka morarta, ga ƙwai can a kan kujera."

"Su ai kullum suna zuwa."

Sai ya shafa ƙarfen motar. Da ya sake magana, babu wasa a muryarsa.

"A gaban nan kakarki take zama, ta riƙe ƙofa har mu isa. In na shiga taki, wa zan bar wa wannan? 'Yan gwangwan?"

Tausayinsa ya kama ni. Sai na ce, "Kana da igiya?"

"Direban kaya kike tambaya igiya?"

Da kansa ya ɗaura, ƙulli biyu, daga bayan tawa zuwa gaban tasa. Ya kwashe ƙwan a hularsa ya miƙo mini, wai kuɗin mota. Sannan ya hau tasa, ya kama sitiyari, ya leƙo ta taga.

"Kin gani? Duk ƙyalƙyalinta, yau ita ce jakar da za ta ja tawa."

Na yi dariya, idona ya cika da hawaye. "Na yarda, ango, ka ci."

"To ja a hankali, amarya. Mu biyu ne a ciki."