Ranar da Na Ce Kurfai Duka Tana Bayanmu

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka zaɓi maigarinmu a Filinge, cikin ƙasar Kurfai, ba. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar ba. Maigarinmu ya rasu, sai kwamandansu ya aiko cewa masu gida su zo bariki su zaɓi magajinsa. Mutum biyu suka fito: Isa, ɗan marigayin, da Garba, ɗan wan mahaifina.

Ni na bi Garba, kuma ba don zumunta kaɗai ba. Duk lokacin da aka zo ɗibar mutane aikin dole na hanya, gidajen marasa gata ake dirar wa, ko da tsakiyar noma ne. Garba ya ce in ya samu, gida-gida za a riƙa bi, har da nasa.

Kwana ashirin ina yawo zaure-zaure ina bayani. Kowa na faɗa wa sai ya gyaɗa kai ya ce to, Allah ya sa alheri. Ni kuwa kowane "to" sai in ɗauka mutum na samu. (Har surukina, Malam Abdu, ya ce mini to sau uku, na koma gida ina yaba kaifin bakina.)

Ran zaɓe tafinta ya yi bayani: 'yan takara su tsaya, kowa ya je bayan wanda yake so. Na riga kowa, na manne a bayan Garba cikin rigar da na aro. Ina jin takun ƙafafu da gyaran murya a baya, na ƙi waiwayawa, don a ganina mai tabbaci ba ya waige. Da kwamandan ya matso wajenmu, sai wani abu ya taso mini, na ɗaga murya yadda har masu kasuwa za su ji:

"Garba, kwantar da hankalinka, Kurfai duka tana bayanka!"

Kwamandan ya tambayi abin da na ce, tafinta ya juya masa. Ya leƙa bayana, ya dube ni, ya sake leƙawa. Sai na ga gardi, wato dogarin Nasara da ke gefensa, ya cije leɓe yana kallon ƙasa. A nan na waiwaya.

Mutum huɗu ne. Biyu ƙannen Garba, ɗaya maƙerin garinmu, na huɗun kuwa wani tsoho mai nauyin ji wanda daga baya ya ce inuwa ya biyo. Takun da nake ji duk na masu wucewa layin Isa ne. Surukina na can tsakiyarsu, yana duban sama kamar mai neman hadari.

Kwana shida ban taka dandali ba. Daga gida sai gona, ta bayan gari. Kunya tana ciki, amma abin da ya fi cina shi ne tunanin cewa mutane sun san gaskiya suka guje mata. Na rantse ba ni ƙara sa baki a sha'anin gari.

Ran na bakwai Garba ya same ni a gona, ya ce an aiko neman mutanen hanya, za a zauna ƙofar sabon maigari, in taso mu je. Na ce me wanda aka kayar zai je yi?

"Ƙanena, zaɓe munka faɗi," in ji shi, "ba garin munka bari ba. In ba mu tai ba, gidajen jiya za a sake ɗiba."

Na bi shi ina jan ƙafa. Muna isa wani ya ce ga Kurfai duka ta iso, aka kwashe da dariya. Na zauna, na bari ta lafa, sannan na maimaita maganar bi gida-gida. Sai surukina, ba tare da ya dube ni ba, ya ce maganar yaron nan tana kan hanya. Maƙeri ya goya masa baya, wasu suka bi. Isa bai karɓa duka ba, ya cire gidansa da na 'yan'uwansa, amma ya yarda a bi sauran da jeri. A shekara ta uku muka sa nasa ma a ciki.

A hanyar gida Malam Abdu ya gaya mini, a takaice, cewa kowa ya san Isa kwamandan ke so, kuma ba mai son gardi ya riƙe fuskarsa. Ashe ba ƙin maganar suka yi ba, tsoro ne, kuma tsoro yakan ragu in an dawo gida.

Sunan dai ya bi ni, har jikokina Kurfai Duka suke kirana. Na daina jin haushi. Abin da na koya shi ne faɗuwa ba ta hana mutum zuwa taro, kuma har yau ba a zama ba ni. Sai dai yanzu in zan yi magana da sunan jama'a, nakan fara da "ni dai a ganina", don wannan layin na tabbata akwai mutum ɗaya a cikinsa.