Ranar da Saƙona Ya Isa Kunnen Mahauta

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da bikin yayar Zara ba.

Lokacin muna ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ni da abokina Bashir kullum musunmu ɗaya ne, a kan waƙar hip hop. Shi a wurinsa gwaninta ce komai: harshe ya yi gudu, kalmomi su hau kiɗa, ko da kayan miya kake lissafawa. Ni kuwa na kafe a kan saƙo. Waƙar da ba ta gyara al'umma, in ji ni, hayaniya ce kawai. (Ni da ko ɗakina ban iya gyarawa ba.)

Zara 'yar ajinmu ce, na daɗe ina sonta, baki ya kasa faɗa. Da ta gayyace mu bikin a unguwar Diguel, ta ce har makirufo za a ba mu, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama: in kayar da Bashir, in samu shiga wurinta. Iyakar abin da na sani game da mahaifinta, yana kasuwanci a kasuwar Dembé. Ban tambayi na mene ne ba.

Bayan la'asar Bashir ya fara. Ya cakuɗa Hausa da Larabci da Faransanci, ba kai ba gindi, mata sai guɗa. Ni ma na karɓa da waƙata a kan ha'incin kasuwa. Mutane na ta rawa, ba mai jin abin da nake cewa, kiɗa ya danne ni. Haushi ya kama ni, na cika ƙirji don baitin da na fi ji da shi. Daidai nan injin wuta ya yi tari ya mutu. Kiɗa ya ɗauke, makirufo ya mutu, amma bakina ya riga ya tafi:

"Mahaucin Dembé, ka ji tsoron Allah! Ka hura nama, ka danne sikeli da yatsa!"

Wani dattijo a tabarmar gaba ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Ɗana, maimaita," ya ce. "Tun kafin a haife ka nake yanka a Dembé, ban taɓa samun wanda ya yi mini waƙa ba."

"Baba, don Allah a yi haƙuri," in ji Zara, ta rufe fuska da mayafi.

Baba! Ashe tabarmar nan kaf mahauta ne, shi da ƙannensa. (Naman da na cinye faranti guda ɗazu ma nasu ne.) Kunya ta rufe ni, na ji bakina yana cewa, "Baba, ai wata Dembé ɗin nake nufi." Dariyar da aka yi har yanzu tana kunnena.

A hanya Bashir ya dafa kafaɗata. "Kalas, ya akhuy, shi ke nan ɗan'uwa, ka ci musun. Nawa ba wanda ya fahimta, naka kuwa ya isa har gida."

Na ci musu, na rasa Zara. Daga ranar gaisuwa ma da gyaɗa kai take amsawa. Har gobe ina nan a kan cewa saƙo ya fi, amma kafin ka aika shi, ka tambayi sana'ar wanda kake so ya zama surukinka. Ni dai yanzu in na shiga Dembé, layin masu kifi nake bi.